Gyaran Dattawa

Shekaran jiya wani saurayi ya tsaya a bakin shagona a Adum, cikin kasuwar tsakiyar gari, ya ga ina kwance wata laftof, ya ce shi ma ya iya wannan aikin, a waya ya koya cikin sati biyu. Na ce masa madalla. Ni na haura shekara talatin a cikinsa, kuma har yau in aka ajiye mini na'ura a kan tebur sai gabana ya faɗi kaɗan. Ba wutarta nake tsoro ba. Tunda ku yaran yanzu kun ɗauka sana'ar nan kwance sukuru ce da ɗaure sukuru, ku gyara zama in gaya muku yadda gwanintata ta jawo wa unguwarmu abin da ɓarayi su kaɗai ba za su iya jawowa ba.

Ban fara da kwamfuta ba, da tafireta na fara, a hannun Masta Kwaku, wani Batone, ɗan ƙabilar masu garin nan, mai gajeren haƙuri da ke da rumfa a bayan ofisoshin lauyoyi. Aikin farko da ya bar mini in yi ni kaɗai shi ne canza ƙyallen tawada na wata tafireta mai lantarki. Na canza, na jefa tsohon a kwandon shara, na tsaya ina jiran yabo. Ya sa na tsamo shi. Ya warware shi a hasken ƙofa, ya fara karantawa, harafi bayan harafi, sai ga wasiyyar wani attajiri ta fito, har da sunan ɗan da ya cire daga gado. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isar da saƙo.

"Seidu, inji ba komai kraa, ko kadan. Magana na ciki, shi ne kaya."

Ya kyasta ashana ya ƙone ƙyallen a gabana. Na ce masa na gane, kuma a lokacin da gaske nake jin na gane.

Da tafireta ta mutu muka koma kwamfuta, ni da shi, muna koyo tare kamar ɗalibai biyu, sai dai ɗaya yana da ikon zagin ɗaya. Kayan aikina na yau ba su cika jaka guda ba: sukudireba ƙanana guda takwas, ƙarfen dalma, mita ta auna wuta, tsohon buroshin haƙori, da wani katin roba da nake ɓalle murfi da shi ba tare da na karya haƙoransa ba. Sai farantin shayi mai maganaɗisu a ƙasa, inda nake zuba sukuru. Shi ke nan. Saurayin shekaran jiya yana da kayan da suka fi nawa tsada. Abin da bai da shi shi ne idon da zai kalli mutumin da ya kawo na'urar kafin ya kalli na'urar.

Wata rana wani ya shigo da laftof a cikin jakar leda, yana gumi, ya ce ta yayarsa ce, ta manta lambar sirri, in buɗe masa. Na tambaye shi caja, ya ce tana gida. Na kunna, hoton wasu 'yan biyu sanye da kayan makaranta ya fito a gilashi. Na ce masa yaya sunan yaran. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya ce bari ya je ya sayo ruwa. Har yau bai dawo ba. Irin wannan na iya shi sosai. Kayan sata ba ya zuwa da caja, mai shi kullum yana sauri, kuma kullum 'yar'uwa ce ta manta lamba, ba shi ba. A layinmu an san Masta Seidu ba ya buɗe na'urar da bai san uwarta da ubanta ba. Ina alfahari da wannan suna. In ana hirar masu gyara da ke taimakon ɓarayi, ni ne mai ɗaga murya.

To ga inda na fi kowa taimaka musu.

Alhaji Sule mai goro ne ya fara jawo abin. 'Ya'yansa suka aiko masa da laftof daga waje don ya riƙa ganin jikoki. Sau uku a sati ɗaya ya hau mota daga unguwarmu Zango zuwa Adum, ya manta lambar sirri. Na rubuta masa a takarda, ya ajiye takardar inda ba wanda zai gani, har shi. A zuwa na huɗu na ga dattijo mai furfura yana ba ni haƙuri kamar ya yi laifi, kunya ta kama ni. Na cire lambar gaba ɗaya. Na ƙara girman rubutu, na ƙure sauti, na sa duk abin da yake buƙata ya buɗe da kansa da zarar ya ɗaga murfi. Alhaji ya yi ta sa mini albarka har maƙwabtana suka leƙo.

Na sa wa wannan aiki suna, gyaran dattawa. Kyauta nake yinsa, don girmamawa. Limamai, hajiyoyi masu rumfa a kasuwa, tsofaffin direbobi, duk wanda ya haura sittin a Zango ya san in ya kawo mini na'urarsa zai koma da ita a buɗe, ba mai tambayarsa komai. A wurinmu ba a tsare dattijo a bakin ƙofa ana tambayarsa shaida, to don me inji zai yi masa haka? Da wannan hujja na cire makulli daga na'urori da ban san adadinsu ba, ina karɓar addu'a a madadin lada.

Malam Mumuni shi ne malamin unguwarmu. Yana da makaranta a zaurensa, amma abin da ya fi tara masa jama'a shi ne addu'a. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wadda haihuwa ta yi wa nisa, wanda ɗansa ya lalace, wanda gidansa ke ci da wuta a ɓoye, duk wurinsa suke zuwa. Al'adar kuwa kun san ta: za ka faɗi sunanka, da sunan mahaifiyarka, da abin da ke damunka ba tare da ɓoye komai ba. Malam yana rubutawa a littattafansa da ajami, da wani rubutu nasa mai kama da sawun kaza, wanda ko manyan ɗalibansa ba sa iya karantawa. Wata damina kwata ta cika, ruwa ya shiga zaure, ya jiƙa littattafai uku. Na je yi masa jaje na tarar yana shanya su a rana, shafi shafi.

Ni na ba shi shawara. Ku riƙe wannan, don daga baya mutane sun so su ɗora wa zamani laifi. Na ce Malam, duniya ta wuce takarda. Na samo masa laftof mai kyau cikin waɗanda ake kawowa na hannu daga waje, na zauna da shi wata biyu ina koya masa buga boko da yatsa biyu. Na nuna masa yadda zai buɗe wa kowane mutum shafinsa: suna, sunan uwa, lambar waya, buƙata. Na haɗa masa da wayarsa, yadda duk saƙon murya da wani ya aiko yana kuka zai sauka a cikin laftof ɗin ya zauna. Na yi masa kwafi a wani faifan ajiya daban, na koya masa sabunta shi duk Juma'a, na ce ya sa a akwatin ƙarfe saboda ruwa. Sannan, da yake Malam ne, na yi masa gyaran dattawa. Wato na ɗauki sirrin unguwa guda daga rubutun da ba mai iya karantawa, na mayar da shi rubutun da ɗan firamare zai karanta, na jera shi bi da bi, na cire ƙofa. Har a masallaci Malam ya yabe ni.

Shekara huɗu ba abin da ya faru. A ta biyar aka yi rasuwa a unguwa, maza duka muka tafi maƙabarta bayan azahar. Da muka dawo, tagar zaure a ɓalle. Ba a taɓa littattafan ajami ba, ba a taɓa akwatin ƙarfe ba. Laftof kawai aka ɗauka.

Na sha alwashin zan nemo ta, kuma na nemo ta. Kwana tara ina bin rumfunan masu sayar da na hannu, daga Adum zuwa Krofrom, ina yi kamar mai saye. Na gane ta da wani sukuru baƙi da na taɓa sa mata a kusurwar hagu saboda na asali ya ɓace. Mai rumfar ya rantse da abin da ya sani da wanda bai sani ba cewa a hannun wani ya saya. Ban ja da shi ba, na karɓo ta. Amma tun a cikin mota na ji nauyinta bai yi mini daidai ba. Da na isa shago na kwance ƙasanta, na ga ramin faifan ajiya wayam. An cire shi. Gangar jikin suka sayar wa mai rumfa, faifan kuwa ya bi wata hanya, zuwa wurin waɗanda suka san darajarsa, yaran nan da ake kira 'yan sakawa, masu damfara ta waya.

Me na yi? Na sa sabon faifai, na karɓo kwafin da ke akwatin ƙarfe da sunan zan duba lafiyarsa, na zuba masa, na goge ta da ƙyalle, na kai wa Malam bayan la'asar a gaban mutane. Aka yi ta Alhamdulillahi. Wani ya ce addu'ar Malam ce ta kama ɓarawo, wani ya ce ai Seidu ɗan sandan ciki ne. Malam ya ɗaga murfi, ya ga komai yana nan yadda ya bari, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ga yadda ake kallona, na rufe. Na gaya wa kaina wataƙila sun goge faifan sun sayar. Tsoro ne da son yabo, ba wani abu ba.

Bayan sati uku Mma Fulera ta shigo shagona da wayarta a ƙulle a bakin zani. Tana sayar da atamfa a kasuwar Bantama, mutuniyar arewa ce, Hausarta ta Zango. Ta jira wani mai saye ya fita, sannan ta matso.

"Masta Seidu, ka toshe mini wani lamba. Mutum ya kira ni, ya ce shi dalibin Malam ne, wai in aika kudin rago na sadaka. Na aika. Jiya ya kira kuma."

Na ce, "Mma, ai da kin tambayi Malam tukuna."

"Yaya zan tambaya? Ya san sunan uwana. Uwana ya mutu a Yendi tun ni karami, ko mijina bai san sunan ba. Kuma ya san maganar Rashid."

Rashid ɗanta ne. Duk Zango mun san yana Turai yana aiki, ita ta gaya mana, har tsaraba take rabawa da sunansa in salla ta zo. Ashe yana kurkuku a wata ƙasa a hanya, shekara biyu, kuma Malam kaɗai ta gaya wa. Ina faɗa muku ne don Rashid ya dawo tuni, da bakinsa yake ba da labarin a teburin mai shayi. Amma a ranar, sirri ne. Ta ƙara matsowa.

"Jiya ya ce in ban kara ba, zai sa muryana a wayar mutane. Muryana, Masta, ina kuka. Malam ne ya ba shi?"

Wannan tambaya ce ta tashe ni daga kujera. Na toshe mata lambar, ko da yake na san za su kira da wata. Na rufe shago da rana tsaka na tafi Zango.

Na sami Malam shi kaɗai a zaure, na gaya masa komai, har da ranar da na ga ramin faifan wayam na yi shiru. Ya ajiye carbinsa a kan buzu. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Seidu, wato abin da ka dawo mini da shi kwafi ne."

"Kwafi ne, Malam."

"Na asalin yana hannun wani, yana karantawa."

"Yana karantawa, yana kuma saurare."

"Inna lillahi. Mutanen nan ba kai suka ba amana ba, ni suka ba." Ya shafa gemu. "Ba a iya kiran abin ya dawo? Ka ce zamani ya iya komai."

Na ce ba a iyawa. Na kawo shawarar a yi sanarwa ranar Juma'a, kowa ya ji a yi hattara. Ya girgiza kai. Ya ce in ya faɗa a masallaci, kowane miji zai koma gida ya tsare matarsa da ido, kowace uwa za ta tsare ɗanta, wanda fuskarsa ta canza ya tonu ke nan, ɓarayin ma ba sai sun wahala ba. Na ce to a kira kowa a waya. Ya ce da sunansa ake kiran mutane a waya yanzu, wa zai yarda da wayarsa? Kuma wanda ya zo ya zauna a gabansa ya faɗi sirrinsa, haƙƙinsa ne a je a zauna a gabansa a gaya masa sirrin ya fita.

"Kana da moto," in ji shi, yana nufin babur ɗina. "Kai za ka kai ni."

Haka na rufe shago kusan wata guda, na zama direban Malam. Ya kwafe sunayen da hannunsa a takarda, da ajaminsa, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ni ban taɓa ganin ko suna ɗaya ba, kuma ban nema ba. Yana zaune a bayana, sai dai ya taɓa kafaɗata ya ce dama, ya ce hagu. Da hantsi muke fita, lokacin da gidaje suka yi sauƙin mutane. Dabararsa kuwa ita ce, in muka shiga layi, ba gida ɗaya yake shiga ba. Sai ya bi gida biyar ko shida yana gaisuwa, kamar malami ya fito zumunci, don kada a gane wanda aka zo dominsa. Mutane suka yi ta murna, Malam ya tuna da su. Mun sha koko da ruwan sanyi har cikinmu ya gaji.

Ni kaɗai na gane bambancin, shi ma don ina tare da shi ne kullum. Gidan da gaisuwa ce kawai, zai ce, "Seidu, zo mu shiga mu gaisa." Gidan da ke cikin takarda kuwa, zai sauka ya gyara rawani, ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Seidu, ka kula da moto." Sai in tsaya a rana ina gadin babur ɗin da ba mai sha'awar sata, ina jin abin da bango bai iya tarewa ba. Wani gidan shiru. Wani gidan kuka a ƙasa-ƙasa. A Krofrom wani direban babbar mota ya ɗaga murya har waje, ya ce wa Malam da ya san a inji za a zuba maganarsa da ya kai wa boka. Malam ya fito, dattijon da mutane ke durƙusa wa, ya hau bayana, ya taɓa kafaɗata, muka wuce gida na gaba. Abin da yake gaya musu bai da yawa: sirrinka ya fita ta hannuna, ka yafe mini, duk wanda ya kira da sunana kada ka aika komai, in akwai wanda ya kamata ya ji maganar daga bakinka, gara ka riga su.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zagaya cewa na'urorin Seidu a buɗe suke, masu ofis suka ɗauke aikinsu. Na bi dattawana ɗaya bayan ɗaya ina mayar musu da makulli, ina rufe faifansu yadda ko an cire shi ba zai karantu ba, su kuma suna fushi. Alhaji Sule ya ce na raina shi, na mayar da shi baƙo a kan kayansa. Waɗanda suka sa mini albarka don na cuce su, su ne suka daina amsa gaisuwata don na gyara. Zauren Malam ma ya rage cika. Ya koma littattafansa na ajami, laftof ɗin kuwa ya sa a ƙarƙashin gado, ban ƙara jin ya ambace ta ba.

Ranar ƙarshe ta zagayen, takardar ta kusa ƙarewa, na ga yana duba ta sau biyu kafin ya hau. Muka taso daga Bantama muka nufo Zango. Ya taɓa kafaɗata, dama. Ya sake taɓawa, hagu. Na ga mun shigo layinmu, na ce a raina Malam zai rufe da unguwarsa. Muka shiga gidan tela muka gaisa tare. Muka shiga gidan mai wake da shinkafa muka gaisa tare. Sannan muka tsaya a ƙofar gidana. Matata Ayishetu tana ciki, ina jin ƙarar turminta. Shekara ashirin da shida muna tare, kuma da za a tambaye ni a ranar, da na rantse ba abin da ke damunta da ban sani ba. Na kashe babur, na sa ƙafa zan sauka in yi masa iso.

Malam ya gyara rawani, bai kalle ni ba.

"Seidu, ka kula da moto."

Na koma na zauna. Turmi ya yi shiru. Na tsaya a ƙofar gidana kamar yadda na tsaya a ƙofar mutane, ina kallon kwata, maƙwabta suna wucewa suna ce mini sannu da rana. Ban san minti nawa ya yi ba. Da ya fito na mayar da shi gida. Da na dawo ta kawo mini abinci, idonta ja, ta tambaye ni ko miyar ta yi gishiri, na ce ta yi daidai.

Ban tambaye ta ba, kuma ba ta faɗa ba. Ba ni da bakin tambaya, tunda ni na buɗe ƙofar. Shekara bakwai ke nan. A wani wuri a ƙasar nan akwai ɗan damfara da ya san abin da ya sa matata kuka, ya ji shi da muryarta, sau nawa ya ga dama. Ni da nake cin tuwonta kullum ban sani ba.